Faifan da Inna Ta Kulle

Aikin sakatariya a wata makarantar yara aka ce yana jirana a Dubai. Da na iso a shekarar 2016 sai na tarar babu makarantar, babu yaran, shi kuma mutumin da ya yi mini hanya ya kashe wayarsa. Bizar ziyara ce ta wata uku a fasfona. Shekarata talatin da bakwai a lokacin, aurena ya mutu, na bar 'ya'ya biyu a Fagge wajen mahaifiyata, Inna. Na zauna a kan akwatina a bakin tashar jirgin ƙasa na metro ta Rigga na yi kuka har ya ishe ni. Sannan na goge fuska da gefen mayafi, na rantse ba zan koma Kano da akwatin nan yadda na zo da shi ba.

A unguwar Muraƙƙabat na kama gado. Gado na ce, ba ɗaki ba. Mu takwas ne a ɗakin, ni ce a sama kusa da bakin iyakwandishan, in kwana da mura in tashi da ita. A gadon ƙasana akwai wata 'yar Filifin mai suna Marisel, nas ce a wani asibiti. Sati biyu na farko ba ta ce mini komai ba, sai dai kullum in na sauko in tarar ta bar mini shinkafa a ƙaramin kwano ta rufe da faranti. Ranar da na yi mata godiya ta ɗaga kafaɗa ta ce ita ma an bar mata lokacin da ta zo.

Saura kwana ashirin bizata ta ƙare, ina yawon neman aiki a lungunan kasuwar Naif, sai na ji wata murya tana ciniki da Hausa tsagwaronta, tana gaya wa wani Ba'indiye cewa takalman nan ko kyauta ya ba ta sai ta yi tunani. Shi ba ya jin Hausa, ita ba ta jin yarensa, amma ya rage mata. Hajiya Ladi ke nan, 'yar kasuwar Kwari mai sarin jaka da takalma. Na gaishe ta, ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi unguwarmu da gidanmu, kafin la'asar ta kai ni ofishin kago, wato aika kaya ta jirgi, na wani Alhaji Mudi ta ce masa ga 'yarta ta kawo, ya yi mata biza. Haka Hajiya Ladi take. Zuciyarta fari fat, bakinta kuwa ba ya riƙe ko ruwa.

Alhaji Mudi ya ba ni tef ɗin awo da biro. A kagon jirgin sama ba nauyi kaɗai ake dubawa ba, har da girman kwali: tsawonsa, faɗinsa, tsayinsa. A nan ake cuwa-cuwar. Mai awo in ya ga dama ya ɗan karkata tef, ko ya bi ta kan inda kwalin ya kumbura, sai lamba ta hau. Ɗan kasuwa kuma in ya ga dama ya zauna a kan kwalin kafin a zo, sai ta sauka. Kwali ɗaya, mutum uku su auna shi, ka samu lamba uku. Ni kuwa na kafe a kan nawa tsarin, daga kusurwa zuwa kusurwa, tef a miƙe, kuma in aka yi gardama ni zan sake aunawa da tef ɗin da na fara. 'Yan kasuwa suka sa mini suna Sa'a mai tef. Wasu da so suke faɗa, wasu da haushi.

Ba a Dubai na koyi wannan taurin kai ba. Inna tela ce, shekara arba'in tana kan keke. Tun muna yara akwai dokarta da kowa a layinmu ya sani: ba ta yanka yadi a kan awon wani. Ko matar wane ce ta aiko da atamfa da lambobi a takarda, Inna za ta mayar, ta ce a zo da jiki ta auna da hannunta. Ni ma kafin in taho ta auna ni ta rubuta a bangon littafinta. Da wannan awon take ɗinka mini kayan sallah kowace shekara, ta ba Hajiya Ladi ta kawo mini. Ranar da ƙunshin ya iso nakan sa fuskata a ciki kafin in buɗe, don in ji ƙamshin turaren ɗakinta.

Wajen ƙarshen 2018 wani ciwo ya murɗe ni a kwiɓi ina tsakiyar awo, har na durƙusa a kan kwalin wani. Aka kai ni wani ƙaramin asibiti a nan yankinmu na Deira wanda inshorar ofishinmu ke karɓa. Suka saka ni a na'urar hoto ta CT, aka ce tsakuwar ƙoda ce, ƙarama, in sha ruwa za ta fita. Ta kuwa fita. Ranar da na koma a sallame ni, likitan, wani dattijo mai sanyin magana, ya ce akwai wani abu dabam da suka gani ba tare da sun neme shi ba. Ya zana mini tumbi a takarda, ya zana wani abu mai tsawo kwance a bayansa, ya ce sunansa pankiriyas, shi ke taimakon narkar da abinci da daidaita sukari. A kansa akwai ɗan ƙullutu mai ruwa a ciki, santimita biyu da ɗigo ɗaya. Ya ce yawancin irinsu ba sa yin komai har mutum ya tsufa, amma nawa yana cikin jinsin da wani lokaci kan rikiɗe ya zama kansa. In dawo bayan shekara a sake hoto. Ya ba ni takardar sakamako da faifan sidi mai ɗauke da hotunan, ya kira na gaba.

Na fito na tsaya a rana ina duba tef ɗina. Santimita biyu bai kai gaɓar babban yatsana ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba, amma haushi ya fi tsoron yawa. Na tsallake ɗan damfara, na tsallake biza, na fara ganin haske, sai kuma abin da bai kai ƙwallon dabino ba ya zo zai tsaya mini a hanya?

Na shiga karatu. A metro, a lokacin cin abinci, a layin banɗaki da safe, wayata na hannuna. Kalmar da ta fi ƙarfina in rubuta, Marisel ta dawo daga aiki ta warware mini. Na sayi ƙaramin littafi ina tara abin da na gane. Na gane cewa ƙullutun pankiriyas iri-iri ne, wani ba ya zama komai har abada, wani sai an sa masa ido. Na gane abubuwan da ke tayar wa likitoci hankali: in ya kai wajen santimita uku, in ya yi saurin girma tsakanin hoto da hoto, in wani tsiro ya fito a jikin bangonsa ta ciki, in babban bututun pankiriyas ya buɗe, ko idon mutum ya yi rawaya. Na kuma karanta yadda aikin yake in ƙullutun yana ta wajen kai, inda nawa yake. Ba a ciro shi shi kaɗai. Ana cire kan pankiriyas da wani yanki na hanji da madaciya, a sake haɗa abin da ya rage. Mutum na iya fita da ciwon sukari, ko ya zauna yana haɗiyar magani a kan kowace loma har ƙarshen rayuwarsa. Ranar da na karanta wannan ban iya cin abincin rana ba.

Sai na yi kuskuren da duk wanda ya zauna a Deira zai gane. Mu a nan komai a hannun 'yan kasuwa yake tafiya. Yaji, kilishi, takardar makaranta, maganin hawan jini, duk saƙo ne, ka ba mai tafiya ya kai. Ina da ɗan wan babana da yake aikin likita a Kano, na ce bari in aika masa ya duba mini da idon ɗan'uwa. Na sa faifan a ambulan na ba Hajiya Ladi. Ban kwafa ba, ko a raina bai zo ba. Na ce mata, "Hajiya, don girman Allah hannunsa za ki ba, kuma kada Inna ta ji." Ta dafa ƙirji ta ce in ta faɗa a canza mata suna.

Da ta isa Kano ta tarar likitan ya tafi kwas Ibadan. Sai ta ga ai bai kamata ta yi ta yawo da amanar mutane a jaka ba, ta wuce Fagge. Ta miƙa wa Inna ambulan, Inna ta tambayi mene ne, Hajiya ta fashe da kuka. Daga cikin duk bayanin da na yi mata kalma ɗaya ta riƙe, ita kuwa ta faɗa.

Kwana biyu bayan haka wayata ta fara ƙara. Ƙawayen makaranta da na shekara goma ban ji muryarsu ba, maƙwabta, har da ƙanwar tsohon mijina wadda ko gaisawa ba ma yi. Kowa zai fara da ya jiki, sannan ya ce in akwai abin da ya taɓa yi mini in yafe masa, duniya ba tabbas. Na farko da na biyu na yafe. Na bakwai kuwa na ce mata na ji, amma ta ajiye neman yafiyar tukuna, don ina nan da raina kuma ina da niyyar in ƙara ɓata mata rai nan gaba. A ofis ma 'yan kasuwa suka daina gardama da ni. Mutumin da a da sai mun yi minti goma muna sa-in-sa a kan santimita ɗaya, yanzu in na faɗi lamba sai ya ce Allah ya ba da lafiya, ya sa hannu. Wannan ya fi komai ci mini rai. Na kama wani Alhaji daga Katsina na ce masa kwalinsa na ƙara masa santimita biyar da gangan, in ya ga dama ya yi magana. Sai da ya hau faɗa sannan hankalina ya kwanta.

Inna ba ta nemi yafiya ba, ba ta yi kuka a waya ba. Ta ce in tattaro in dawo gida. Na ce ba zan dawo ba, a nan inshorata take, a nan na'urar take, da aikin nan yara ke karatu. Ta ce to. Sallah ta zo, Hajiya Ladi ta sauka da yaji da kuka da daddawa, babu ƙunshin ɗinki. Babbar sallah ma haka. Ban tambaya ba, ita ma ba ta ce komai ba. Na san abin da ke ranta. Babanmu direban babbar mota ne, a Fatakwal ciwon ciki ya kama shi, kafin labari ya iso Kano an riga an binne shi. Har yau Inna ba ta san inda kabarinsa yake ba.

Da lokacin sake hoto ya yi, Alhaji Mudi ya riga ya canza mana kamfanin inshora, sabon kuma ba ya aiki da asibitin farko. Aka yi ta jan ƙafa da takardu har farkon 2020, sannan aka tura ni wani babban asibiti a ɗaya gefen ruwa. Na hau kwale-kwalen haya da suke kira abra na tsallaka. Wannan karon hoton MRI aka yi, na kwanta a cikin na'urar tana buga mini ƙara kamar ana sassaƙa turmi a kaina. Bayan sati aka haɗa ni da likitan tiyata.

Ya ajiye takarda biyu a gabansa, tsohuwa da sabuwa. Tsohuwa ta ce biyu da ɗigo ɗaya. Sabuwa ta ce biyu da ɗigo takwas. Ya ce milimita bakwai a cikin shekara ɗaya da 'yan watanni girma ne mai sauri, ga shi ya kusa uku, ga ni da sauran shekaru a gaba. Shawararsa a yi aiki. Ya fara zana mini abin da na riga na karanta, ina kallon bironsa yana zagaye kayan cikina ɗaya bayan ɗaya.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na tambaye shi wa ya auna na farko, wa ya auna na biyu. Ya ce mutane dabam ne mana, asibiti dabam, na'ura dabam. Na tambaya daga wace kusurwa zuwa wace kusurwa kowannensu ya ja. Ya ɗago ya dube ni, ya tambayi aikin da nake yi. Na ce kwali nake aunawa a Naif. Ya ɗan yi murmushin da ban so ba, ya ce ciki ba kwali ba ne. Na ce na sani, shi ya sa ma, don kwali in an yi kuskure a kansa ana sake naɗe shi.

Don Allah, ban ce mutumin mugu ne ba. A kan takardun da ke gabansa gaskiya ya faɗa. Da ya ga ba zan sa hannu ba sai ya ce tambayata tana da wuri, in na kawo hotunan farko su kansu, ba takarda ba, za a iya jera su a gwada. Ya ba ni wata uku. Ya kuma gaya mini a fili cewa in girman gaske ne, duk watan da na ɓata a kaina yake.

Na koma asibitin farko in karɓi wani faifan. Na tarar da shagon sayar da turare a wurin. Mai gadin ginin ya ce sun rufe tun bara, bai san inda suka kai kayansu ba. Hotunan cikina na farko a duk duniya wuri ɗaya suka rage, a Fagge.

Na kira Inna. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Faifanki yana nan, ban taɓa shi ba. In kina so ki zo ki ɗauka."

Na kira Yaya Nasiru, babban wanmu, na ce ya lallaɓa ya ɗauko. Ya ce ta sa shi a aljihun keken ɗinki ta kulle, makullin kuma yana ɗaure a bakin zaninta. Ya ce shi da gemunsa da 'ya'yansa shida ba zai iya sa hannu a zanin Inna ba, in ni zan iya bismillah. Muna cikin wannan korona ta sauko. Aka rufe filayen jirgi, aka rufe Naif, ko da na so zuwa babu hanya. Na zauna a gadon sama ina kallon silin, watannin da likita ya ba ni suna tafiya. Marisel kullum ta fita da takunkumi biyu a fuska, ta dawo da shatinsu a kumatu, duk da haka sai ta leƙo ta tambaye ni ko uwata ta sauko.

Na yi roƙo, na yi fushi, na kwana uku ban kira ba, duk a banza. Inna ta ce in dai za a yi aiki a yi shi a inda za ta riƙe mini hannu, in kuma ta Allah ta kasance ta san inda za ta je ta yi mini addu'a. Gaskiyarta ce kuwa. Wata ranar Laraba da hantsi na kira ina jin ƙarar kekenta a bayan muryarta. Na tambayi abin da take ɗinkawa, ta ce kayan wata amarya ne, ta kuma hau mita cewa uwar yarinyar ta aiko mata da lambobi a waya saboda dokar kulle, ita kuwa ta ce sai an kawo yarinyar ko a bayan gida ne. Na miƙe zaune har kaina ya bugi silin.

"Inna, me ya sa ba ki yi da lambobin ba? Ai tela ce ta auna ta."

"Na san yadda ta riƙe tef ɗin? Leshi mai tsada, in yanka ya lalace, wa gari ya waya?"

"To ni ma haka ne, Inna. Wani ya auna abin nan shekara ɗaya da rabi da ta wuce, wani dabam ya auna shi bana, ba su taɓa ganin juna ba. An haɗa lambobinsu an ce ya girma, za a sa mini wuƙa. Ni ban ce ba za a yi ba. Cewa na yi mutum ɗaya ya auna duka biyun da hannunsa. Awon farkon kuwa yana cikin aljihun kekenki."

Keken ya tsaya. Na ji numfashinta, na ji kaza tana kuka a tsakar gida. Sai ta kashe wayar ba sallama. Na zauna riƙe da wayar ina tunanin na yi mata rashin kunya.

Ranar Juma'a Yaya ya kira yana magana ƙasa-ƙasa, ya ce Inna ta ba shi faifan. Ya kai wani shagon kwamfuta don a turo mini ta intanet, faifan ya ƙi buɗuwa yadda ya kamata, sai ya ɗauki hoton allon da wayarsa ya turo. Asibiti suka ce wannan ba ya aunuwa, sai faifan da kansa. A nan aikin kago ya yi mini rana. Jiragen fasinja sun tsaya, amma na kaya suna tashi. Alhaji Mudi ya kira wani abokin harkarsa a Legas, shi kuma ya kira wani, faifan ya bi mota daga Kano, ya kwana tara a hanya, ya shigo Dubai a cikin jakar takardu. Da ya iso hannuna na ga ashe kafin a sa shi a mota Inna ta naɗe shi a ƙyallen atamfa ta bi gefe huɗun da keke, yadda ba mai buɗewa sai ya farke. A ciki akwai 'yar takarda da rubutunta na ajami. Aro ne, ta ce, ki dawo mini da shi da hannunki.

Marisel ce ta gaya mini cewa ba likitan tiyata ke awo ba, akwai masu karanta hoto, a can ƙasan bene suke, marasa lafiya ba su cika ganinsu ba. Na nemi a bar ni in gan su, aka ce ba a yi. Na zauna a kan kujerar bakin ƙofarsu tun safe da ƙyallen Inna a cinyata. Wajen azahar wata mata 'yar Sudan ta fito riƙe da kofin shayi, Dakta Amal, ta tambayi wa nake jira. Na gaya mata komai a tsaye, har da kwali da keken ɗinki. Ta yi dariya ta ce ita ma kakarta tela ce a Omdurman. "Yalla, ya ukhti, shigo mu gani."

Ɗakin duhu ne, allo biyu manya a gabanta. Ta ɗora tsohon hoto a hagu, sabo a dama, ta bar ni na tsaya a bayanta. Karo na farko ke nan da na ga abin da idona, wani ɗan fari-fari mai tsawo, a karkace yake kwance. Ta nuna mini layin da mai awon farko ya ja, yana nan a jikin hoton. A faɗi ya yanko shi, a yanki ɗaya, bai bi tsawonsa ba. Ta juya tsohon hoton har ya daidaita da sabon, ta ja layi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Biyu da ɗigo bakwai. Ta koma sabon ta ja ta hanya ɗaya. Biyu da ɗigo takwas. Ta sake, ta kuma sakewa, ni ban ce ta sake ba. Sannan ta juyo ta ce tun farko haka girmansa yake, bambancin milimita ɗaya kuwa ko ita ta auna gobe zai iya fitowa.

Na zauna a ƙasan ɗakin mutane na yi ta kuka. Ta miƙo mini shayinta.

Likitan tiyata ya karanta sabon rahoton, ya ce duk da haka sai an zura kyamara ta baki a duba bangon ƙullutun ta kusa, tunda girmansa ba kaɗan ba ne. Aka yi. Babu tsiro, bututu lafiya lau. Ya rufe fayil ya ce khalas, ba aiki yanzu, sa ido za a yi, hoto duk wata shida. Bai ɓoye mini ba cewa abin yana nan, bai warke ba, kuma ranar da ya motsa da gaske zai sake kawo mini takardar nan. Na ce ranar da ya motsa a awon mutum ɗaya, ni da kaina zan nemi biro. Wannan karon murmushin da ya yi ban ji haushinsa ba.

Da aka buɗe Naif na koma bakin tef ɗina. Hajiya Ladi ta daɗe tana kauce mini, ranar da muka haɗu ta kama hannuna za ta fara neman yafiya, na ce wallahi in ta ƙarasa sai na ƙara wa kwalayenta santimita goma-goma. Kowane hoton da aka yi tun daga nan ina karɓar faifai biyu, kuma ina roƙon a kai wa Dakta Amal. Uku aka yi, lambar ba ta motsa ba. Duk ranar da zan shiga na'urar tsoro yana kama ni kamar ranar farko, wannan ban ga alamar zai daina ba.

Sai ƙarshen 2021 na samu hutu da hanya, ita ma sai da na zagaya ta wata ƙasa. Na shiga gidanmu da rana tsaka, yara suka kusa kayar da ni, babbar har ta fi ni tsawo. Inna tana kan keke, ba ta tashi ba. Na durƙusa na gaishe ta, na ciro faifan a cikin ƙyallensa na ajiye mata a cinya. Ta juya shi, ta buɗe aljihun keke ta mayar, ta kulle. Sannan ta ce in miƙe tsaye.

Ta ciro tef daga wuyanta. Kafaɗa, hannu, ƙirji, ƙugu, tana yi tana rubutawa a bangon littafin nan, a ƙarƙashin tsohon awona. Da ta zo kan cikina ta daɗe a wurin fiye da yadda awo ke bukata. Daga ƙasan gado ta jawo atamfa shida a cikin ledarsu, na sallolin da ba ta aiko ba, ashe tana saye tana ajiyewa. Ta shimfiɗa ta farko, ta ja alli. Na leƙa na ga ta wuce lambar da ta rubuta da kusan yatsa biyu a kowane gefe.

Na ce, "Inna, kin yi yawa. Ba haka kika auna ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ɗauki almakashi ta ce, "Na sani. Na bar miki wurin buɗawa ne, baɗi za ki ƙara ƙiba."